Dogo a Gaban Tagar Baba: Littafin Aikin Ƙaramin Jirgin Ƙasa

9 ga Nuwamba, 2024

Yau na auna filin. Daga gindin mangwaro zuwa katanga mita shida da rabi ne, faɗinsa kuwa mita uku da 'yan kai. Nan nake so in shimfiɗa ƙaramin layin dogo, a fili, inda rana za ta dake shi, ruwa ya dake shi, jirgi kuma ya riƙa wucewa ta gaban tagar Baba. A reluwe Baba ya ƙarar da ƙarfinsa, nan Zariya. Da zuba kwal ya fara, zamanin masu hayaƙi, har ya ga shigowar masu shan gas. Tun da ƙafa ta zaunar da shi a ɗaki, duk hirar da aka ɗauko sai ta ɓulle tasha. Na ce to, tunda ba ya iya zuwa tasha, bari in gwada kawo masa ita gida.

Aljihuna bai kai kayan manyan kamfanoni ba, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Ina so in rubuta abin da idona ya gani game da jiragen nan masu araha: me suke iyawa, ina suke gazawa, a wane wuri ne kuma rage kuɗi yake komawa asara.

Ba ƙananan nan da ake ɗorawa a tebur nake nufi ba. Waɗannan manya ne, kan jirgi guda sai an sa hannu biyu. Masu harkar suna kiransu ma'aunin G, kuma tazarar da ke tsakanin dogo biyu milimita 45 ce. Wannan faɗin ya daɗe a duniyar jiragen wasa, amma kamfanin Lehmann na Nuremberg a Jamus ne ya fito da shi tsakar gida a 1968, da jiragen da ya sa wa suna LGB, waɗanda aka ƙera don su kwana a waje. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne dogo ɗaya ne, amma girman jirgin da ake ɗorawa a kansa ya sha bamban. LGB suna rage jirgin gaske sau 22.5, domin layin da faɗinsa mita guda suke kwaikwayo. Wasu kamfanonin Amurka suna rage shi sau 29, wasu sau 20.3. Masu araha kuwa yawanci ba sa ma faɗa a kwali.

Lissafi ne ya ja ni nan. Tsohon layinmu, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1067 ne. Ka raba shi da 45, za ka samu kusan 24. Ke nan duk jirgin da aka rage sau 24 ko kusa da haka zai zauna a kan wannan dogo da siffar jirgin da Baba ya sani. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa 1435 ne, shi nasa ragin sau 32 ne, kuma ba shi nake nema ba.

Na riga na sayo saiti na farko a Kano makon jiya. Ƙirar Chaina ne, mai aiki da batir: kan jirgi, tarago uku, dogon roba da rimot. Na ɗora rula a kan dogon tun a shago, milimita 45 cif. Ina shawartar kowa ya yi haka, domin akwai manyan jiragen batir da faɗin dogonsu ya ɗan sha bamban, ba sa hawa dogon kowa sai nasu.

17 ga Nuwamba

Mun haɗa shi a baranda ni da ɗana. Cikin minti goma ya tashi, babu waya, babu taransifoma. Wannan kam abin yabo ne. Yaro mai shekara takwas ya iya haɗa shi da kansa, yana huci, yana ƙara, fitilar gaba tana ci. Taragon ma sun fi yadda na zata. Jikinsu da kauri, ƙofofi suna buɗewa, girmansu bai yi nisa da ragin 24 ba.

Sai aka turo Baba a kujerarsa. Ya kalli zagaye biyu bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Kai, wa ya biyo shi? Jirgin kaya ba ya wannan gudun. Da ni ne a kansa da tuni mun kife a kwana."

Da dare na zauna na lissafa, ashe idon Baba ya riga alƙalamina. Jirgin da ke tafiyar kilomita 40 a awa, in aka rage shi sau 24, santimita 46 zai ci a daƙiƙa guda. Wato mita ɗaya a cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya. Nawa kuwa yana cinye mita kafin daƙiƙa ta cika, kuma rimot ɗin ba shi da komai sai gaba, baya da tsayawa. Da ka danna sai ya fizga, da ka saki sai ya ƙame. A nan na fara gane inda ake sanin jirgi mai kyau. Gudu kowane inji yana iyawa. Tafiya a hankali, mai nauyi, wadda tarago za su miƙe ɗaya bayan ɗaya kafin jirgi ya ɗauki hanya, ita ce ke cin kuɗi.

Batura shida yake ci. Kafin la'asar sun yi sanyi. In haka za a riƙa yi kowace Asabar, kuɗin batir zai kamo kuɗin jirgin kafin azumi.

8 ga Disamba

Makonni uku ana aikin ƙasa. Da na yi niyyar ɗora dogon a kan katako, sai na tuna abin da gara ta yi wa ƙofar ɗakin ajiya. Na koma bulo. Magini ya jera mini layi guda a kwance, muka cike tsakiya da jar ƙasa muka daddaɓe. Filin yana da ɗan gangare wajen katanga, na yi ta bi da ma'aunin magina har na tabbatar babu inda hawa ya wuce santimita 2 a kowace mita. Ga ido kamar shimfiɗe yake, amma ƙaramin jirgi yana jin wannan hawan kamar yadda babba ke jin nasa.

4 ga Janairu, 2025

Saiti na biyu ya iso. Ƙanena da ke Amurka ne ya samo shi na hannu, ya ba wani mai dawowa gida. A waya ya ce mini, "Yaya, wannan fa ba na batir ba ne, kada ka soka shi a bango kai tsaye." Gaskiyarsa. Taransifomar ta wutar Amurka ce, bolt 120, tamu kuwa 230. Sai da na sayi wata mai sauke wuta kafin na taɓa shi. Duk mai sa a sayo masa irin wannan kaya daga can ya sa wannan a lissafinsa tun farko.

Da sabo, irin wannan saiti yana tsakiya ne: ya fi na kantin kayan yara, bai kai na Jamus ba. Kan jirgin mai tsawo ne, tayoyi huɗu ƙanana a gaba, shida manya a baya, da taragon kwal a bayansa. Yana da maɓallin da ake murɗawa, wuta ta ƙaru a hankali. Da na murɗa ya taso sannu, sandunan gefe suna kai da komo, sai na ji Baba ya gyara zama. Ya daɗe yana kallo. Ya ce tafiyar ta yi, sai dai siffar ba tamu ba ce. Wannan ƙaton bututun hayaƙi mai faɗin baki da ƙararrawa a ka na Amurkawa ne. Waɗanda ya yi wa aiki ƙirar Ingila ce, da kwal ɗin Inugu ake ciyar da su, wasu ma sunayen koguna aka sa musu.

Matsalar da ta fito tun kwana na uku ita ce ƙura. Irin wannan jirgi ta dogo yake shan wuta. Dogo ɗaya ke kawo ta, ɗayan ya mayar, tayoyin ƙarfe su ɗauka su kai wa inji. To muna tsakiyar hunturu. Da safe in ka shafa yatsa a kan dogo sai ka ga layi. Jirgi ya riƙa tafiya yana shaƙewa, fitila tana ƙiftawa, a kwana ya tsaya cak sai an taɓa shi. Kullum sai na bi layin da tsumma kafin a kunna. Wani abokina ya ce in goge da samfefa, na ƙi, domin ƙarcen da za ta bari shi zai fi tara datti.

Na kuma lura da wani baƙin abu mai danƙo da ke taruwa a kan dogo. Tayoyin robar taragon ne ke tara ƙura suna shafa ta a hanya. Dogon da ya zo da saitin shi ma na duba shi da kyau: baƙin ƙarfe ne siriri da aka lanƙwasa, cikinsa rami. Don ɗaki aka yi shi. Na shimfiɗa shi a waje ne da sanin haka, don in ga iyakarsa.

26 ga Janairu

Jirgin Amurka ya tsaya, kuma hannuna ne sanadi. Zan rubuta yadda aka yi dalla-dalla, domin kuskure ne mai sauƙin faɗawa.

Na haɗa masa tarago shida, nasa uku da na saitin farko uku. A wurin hawan nan na kusa da katanga sai tayoyinsa suka riƙa juyawa a wuri ɗaya, ba ya gaba. Na ga ai rashin nauyi ne, tunda jikinsa roba ce. Na je wurin masu gyaran taya na karɓo guntayen dalma, na cusa masa a ciki har ya yi nauyi a hannu. Ya kuwa haye da tarago shida ba gardama, ɗana yana tsalle. Kwana huɗu muna jin daɗinsa. A na biyar, a daidai wannan hawan, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, inji yana kuka, taya ba ta motsi.

Da na kwance ƙasansa na ga abin da ya faru. Injin yana juya wani ƙarfe mai murɗi irin na sukuru, shi kuma yana tura wata giyar roba da ke manne a jikin ƙarfen da ya ratsa manyan tayoyi. Giyar ce ta tsage daga tsakiya, haƙora uku sun cinye. Sai yanzu na fahimci cewa santsin da tayoyin ke yi shi ne kariyar jirgin. In kaya ya fi ƙarfinsa, taya ta zame, giya ta huta. Da na danne shi da dalma na hana tayar zamewa, duk wahalar sai ta koma kan abu mafi rauni a ciki. Ƙa'idar da na ɗauka daga yau: in ka riƙe jirgi ta baya da hannu yana kunne, dole tayoyinsa su iya juyawa. In suka ƙame, nauyin ya yi yawa.

Na gaya wa Baba, bai yi mamaki ba. Ya ce su ma a nasu, in taya ta yi santsi a hawa yashi ake zuba mata a kan dogo, in ya ƙi a rage tarago. Ba a taɓa gardama da hawa.

Wannan giya ba ta kai girman kwabo ba. Amma a nan ne mai ƙera kaya masu araha yake rage kuɗi, a wurin da mai saye ba ya gani a shago. Fenti yana sheƙi, ƙararrawa tana walƙiya, abin da ke ɗauke da dukan nauyin kuwa 'yar roba ce.

15 ga Fabrairu

Na kai wa mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, wannan robar gam ba ya kama ta, ko na manna maka gobe za ka dawo." Na ji daɗin gaskiyarsa. Na tura wa ƙanena hoto da awo, ya ce ana samun madadinta. Kafin ta zo na wanke tsohon giris ɗin da ya daskare a ciki. Ba zan sa na mota ba, domin wani man yana cin roba. Akwai wanda aka yi musamman don giyar roba, shi na ce a haɗo mini.

6 ga Afrilu

Azumi ya wuce, ban taɓa aikin ba sai bayan Sallah. Rana ce ta yi mini gwajin da kanta. Tun Disamba na bar dogon robar saitin farko a gefe guda na filin. Yau na ɗaga shi, ya koɗe daga baƙi zuwa toka-toka, guda biyu sun bankare, 'yan kunnuwan da ke haɗa su kuwa da na taɓa sai suka karye kamar busasshen kara. Wata huɗu ke nan. Dogon baƙin ƙarfen ma, ko ruwan sama bai gani ba, ɗan ruwan da ake ba shuka ne ke fantsama masa, amma duk mahaɗansa sun yi ja da tsatsa. Inda tsatsa ta shiga kuwa wuta ba ta wucewa.

Roba suna ne kawai, iri-iri ce. Wadda ake kayan wasan yara da ita hasken rana yana cinye ta har ta yi gautsi. LGB suna amfani da wata mai suna Luran S ta kamfanin BASF, wadda aka yi don jure rana. Ido ba ya bambanta su a kwali, sai bazara ta zo.

Da dare ina lissafi a takarda, uwargida ta leƙo ta ga jerin kuɗin batura, da taransifoma, da dogo kashi biyu da suka tashi aiki. Ta ce, "Maigida, ai dama araha ba ta ado." Ban musa mata ba, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Taragon saitin farko suna nan garau, don a ɗaki suke kwana. Abin da na gano shi ne araha tana da wurin zama. A jikin tarago tana da amfani. A dogo kuwa, wanda shi ne kaɗai ba a shigar da shi ɗaki, babu ita. Na yanke shawarar dakatar da sayen komai har sai na tara kuɗin dogon tagulla.

18 ga Mayu

Dogon tagulla ya iso, na hannu ne, ya yi baƙi-baƙi don tsufa amma ko ɗigon tsatsa babu. Ɗauka ɗaya za ka san bambanci. Ƙarfe ne cikakke, tsayinsa milimita 8.4, ka taka shi da ƙafa ba zai lotsa ba. Shi ne abu mafi tsada da na saya a wannan aiki, ya fi saitin biyu a haɗe, kuma ban yi da-na-sani ba.

Na canja kwanar ma. Saitin farawa yawanci da kwana mafi matsi suke zuwa: guda 12 su yi da'ira, daga tsakiya zuwa dogo santimita 60. An yi haka ne don ya shiga falo. Dogon kan jirgi mai tayoyi shida yana shan wuya a irin wannan kwana, yana gurzar dogo, kuma wannan ma ƙarin nauyi ne a kan giya. Na ɗauki wadda daga tsakiya zuwa dogo kusan santimita 120 ne, guda 16 ke yin da'ira. Da miƙaƙƙun mita uku-uku a gefe biyu, layin duka ya kama mita 13 da rabi.

Tagulla tana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.019 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. In na ɗauka akwai digiri 35 tsakanin asubar hunturu da dogon da ya sha ranar Afrilu, layina zai ƙaru da kusan milimita 9. Don haka ban kafe shi da ƙusa ba. Na kwantar da shi a kan tsakuwa kamar na gaske, na bar 'yar tazara a mahaɗai. Baba ya ce ita wannan tazara ce ke ba jirgi kiɗansa, kuma da zafin rana kiɗan yakan ragu.

Wanda ya sayar da dogon ya haɗa da wani tsohon kan jirgin LGB, ƙarami mai tayoyi huɗu, wanda ake kira Stainz. Irinsa ne kamfanin ya fara fitarwa a 1968. A ƙasansa an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka yi shi, ke nan ya haura shekara 34. Na goge shi, na ɗiga masa mai, na ɗora. Ya taso kamar mai tafiya a kan ƙwai, babu fizga, babu ƙara sai 'yar gurnani. Bayan tayoyi, yana da wasu 'yan takalman ƙarfe biyu da ke gugar dogo suna ɗaukar wuta, shi ya sa ƙura ba ta cika shaƙe shi ba. Injinsa da giyarsa a rufe suke cikin akwati, ƙasa ba ta shiga. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na karanta wa Baba cewa jirgin gasken da aka kwaikwaya na ƙasar Ostiriya ne, a kan siririn layi mai faɗin milimita 760. Sai ya ɗago. Ya ce ai mu ma mun yi irinsa a nan. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau Jos saboda kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, wato milimita 762. An rufe shi a 1957, Baba yana yaro, amma ya ce ya gan shi da idonsa, kuma saboda saiɓinsa a hawa mutane kan yi masa dariya. Rabon da in ga Baba ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ciwon ƙafar. Har aka kira magariba bai bari an mayar da shi ɗaki ba.

22 ga Yuni

Ruwan daren jiya ya kwashe tsakuwar gefen katanga, dogo ya rage a rataye tsawon taku biyu. Tsakuwar rafi na zuba, mai sulɓi, ba ta riƙe juna. Na canja da ta inji mai kaifi, na gauraya da garin dutse, na huda bulo biyu don ruwa ya samu mafita. Dogon kansa ko gezau. Kaji ne yanzu abin lura, suna son tonon tsakuwar.

3 ga Agusta

Giyar ta zo tun bayan Babbar Sallah, na sa ta, na cire fiye da rabin dalmar. Tarago huɗu ne iyakarsa, na rubuta a takarda na manna a akwatinsa.

Na kuma raba shi da wutar dogo gaba ɗaya. Tsakanin ɗauke wuta da gogar dogo kullum, na ga batir ya fi dacewa da mu, in dai mai caji ne. Mai gyaran rediyo ya haɗa mini batura huɗu irin na cikin kwamfutar hannu, kowane bolt 3.7, a jere suka ba da 14.8. Ya sa musu 'yar na'urar da ke hana su wuce caji, da wata mai rage gudu, duk muka ɓoye a taragon kwal. Abu mai muhimmanci: sai da muka yanke wayoyin da ke zuwa tayoyi, don kada wutar batir ta koma cikin dogo ta haɗu da ta taransifoma. Ba na barin wannan tarago a rana, kuma ba na cajinsa sai ina kusa. Yanzu ko dogo ya yi ƙura jirgi yana tafiya sumul.

Kan jirgin saitin farko ma mun gwada masa haka da batura biyu. Gudun ya ragu, amma a hankali sai ya riƙa tafiya yana tsalle-tsalle, injin ba shi da ƙarfin jan kaya a ƙaramar wuta. Na bar wa yara shi su yi wasa a baranda, can ne gidansa, kuma can ba shi da laifi.

Taragonsa uku kuwa sun zama abin da na fi cin riba a kai. Na cire tayoyin roba na sa na ƙarfe. Nauyi ya koma ƙasa, sun daina kifewa in iska ta taso, baƙin danƙon nan ya ragu, kuma suna ba da ƙarar nan ta taka mahaɗi da Baba ke so. Ƙugiyoyinsu ba sa kama na sauran da kyau, na canja su duka zuwa irin na LGB. Sai dai in faɗi gaskiya, kuɗin tayoyin ƙarfe da ƙugiya ya kusa kamo abin da kowane tarago ya tasar mini. Duk da haka bai kai sabon tarago na babban kamfani ba, kuma ba na jin tsoron yanka shi ko fente shi, abin da hannuna ba zai iya yi wa mai tsada ba.

Wani maƙwabci ya shigo kallo ya tambaye ni wanne zai saya wa 'ya'yansa. Na ce, "Alhaji, in a falo za su yi wasa, na batir ɗin nan ya isa, ka dai nemi batir mai caji. In kuwa waje kake so, ka fara da dogon tagulla ko da da'ira ɗaya ce, da tsohon kan jirgi mai kyau na hannu. Tarago ka saye su a ko'ina." Da haka na fara, da kuɗin saiti na biyu da taransifomarsa sun tafi wurin dogo tun Janairu. Amma ba zan ce jirgin Amurkan asara ba ne. Yana aiki, yana da kyan gani, sai dai yana son mai haƙurin kwance shi.

14 ga Satumba

An fara mayar da taragon na gida. Baba ne ke ba da umarni daga taga, ni da ɗana muna fenti. Biyu sun zama na kaya, uwargida ta ɗinka mana 'yan buhuna daga tsohon algarara, kowane bai kai santimita 4 ba, muka cika su da yashi. Baba ya sa jikansa ya jera su a gefen layi, ɗaya kan ɗaya har suka yi tsini, ya ce haka dalar gyaɗa take a Kano tana jiran jirgi. Yaron ya ce, "Kaka, kai ka taɓa ɗaukar ta?" Ya ce shi dai wuta yake hurawa, amma ya ja ta zuwa kudu ba sau ɗaya ba.

Na cire ƙaton bututun jirgin Amurkan da ƙararrawarsa. Gobe zan kai wa mai walda awon siririn bututu irin wanda Baba ya zana mini a bayan kwali. Saura mararraba guda da nake jira, don a samu layin ajiye tarago a gaban tasha, ita kuma tashar da siminti zan yi ta saboda gara. Na yi alama da fenti a mahaɗai huɗu na dogon, na auna tazararsu yau da azahar na rubuta. Zan sake aunawa da asuba in hunturu ya kama.